Inna Ba Ta Yafe Wa Amirkawa Ba

Daga Allah muke, gare shi muke komawa. Ranar Talata da hantsi aka kira Inna ta amsa, kafin azahar mun kai ta makwancinta a gindin duwatsu, nan Dutse. Ni kaɗai ne ɗanta namiji, saboda haka ni na zauna a tabarmar ƙofar gida ina karɓar gaisuwa har kwana bakwai.

Kowa ya zo da abin da ya sani game da ita. Liman ya ce tun da ya san ta ba ta taɓa bari rana ta fito mata ba ta yi asuba ba. Matan da suka shekara suna sayen kindirmonta suka ce ko sau ɗaya ba ta sirka nono da ruwa ba, ko a tsakiyar rani da shanu ba sa kawo komai. Wata tsohuwa da ban ma gane ta ba ta zauna tana kuka, wai Inna ce ta yi jinyar 'yarta lokacin ƙyanda. Ina amsawa da amin, ina jin daɗi a raina.

Ranar sadakar uku ne wanzamin unguwarmu, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, ya gama shafa fatiha ya ce, "To, yau dai Amirkawa sun huta."

Mutane suka kwashe da dariya, har da Liman ya sunkuyar da kai yana murmushi. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, tana zaure ta ji. Ta fito da sandarta, ta tsaya a kan maza ba ko mayafin kirki, ta ce, "Dariya kuke yi? Wanda bai san abin da ya faru ba ya kama bakinsa. Gidan makoki kuka zo, ba dandali ba."

Ni kuwa tun daga lokacin abin ya dame ni. Na ga idan na yi shiru, nan da shekara kaɗan abin da zai rage na Inna a bakin mutanen Dutse shi ne wata tsohuwa mai nono da ke zagin mutanen da ba ta san ƙasarsu ba, a riƙa ba da labarinta ana dariya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gaskiya ne, Inna ta tsani Amirkawa, kuma ba ta ɓoye ba. Duk wani rashin kunya da ta gani a duniya can take jingina shi. Yaro ya kalli babba ido cikin ido, sai ta ce an yi masa wankan Amirka. Baƙo ya shigo yana washe haƙora tun kafin a san abin da ya kawo shi, sai ta ja ƙwaryarta kusa da ƙafa. Wanda ya yi gaisuwa ɗaya ya wuce, bai tambayi gida ba, bai tambayi gajiya ba, ta ce, "Ku bar shi, jirginsa zai tashi." Ranar da na fara aikin malamin dabbobi na dawo gida da gajeren wando, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce in je in nemo sauran, ko a Amirka na baro shi.

A lokacin ba ita kaɗai ke maganarsu ba. Duk Dutse babu wanda ya taɓa taka ƙasar, amma kowa yana da labari. Wai gidajensu sun taɓo gajimare. Wai matansu ba sa hura wuta, komai daga gwangwani ake ci, kuma a tsaye. Wai yaro yana kiran ubansa da sunan yanka, uban ya amsa yana dariya. Wai idan uwa ta tsufa sai a kai ta wani gida a ajiye, a riƙa leƙa ta sau ɗaya a shekara. Wani Alhaji da ya yi yawon duniya ya ce baƙar fata a can ba ya shan ruwa inda fari ya sha. Ban san wanne ne gaskiya wanne ne ƙari ba, ban je ba, kuma ba ni da niyyar zuwa. Sauran mutane suna faɗin waɗannan abubuwa ne don hira ta yi daɗi. Inna idan ana yi ba ta dariya, sai dai ta ce, "Kaɗan kuka sani."

Tana da yadda take raba Turawa gida biyu. Na Ingila, in ji ta, mugu ne mai ɗaure fuska. Zai zo ya ƙirga shanunka, ya ɗauki abin da zai ɗauka, ba zai taɓa yi maka ƙaryar yana son ka ba, kai ma ka san ta inda za ka kauce masa. Ba'amirke kuwa zai zauna a tabarmarka, ya sha furarka, ya yaba, ya tambaye ka abin da ko ɗan'uwanka ba zai tambaye ka ba, sannan ya tashi ya yi maka abin da ya ga dama, yana rantsuwa taimakon ka ya yi. Takan ce ba ta taɓa ganin mutanen da suka yarda da kansu irinsu ba. Amirkawa biyu kacal ta gani a rayuwarta, mace da mijinta, kuma a kansu ta yanke wa ƙasar hukunci gaba ɗaya. Na san wannan ba adalci ba ne. Na kuma san ni ma haka nake, a nono na sha.

Rigimar da ta fi tsaya mini a rai ita ce tata da Kawu, ƙanenta. Lokacin babban yaƙi ya tafi Kano ya yi leburanci a filin jirgi, inda sojojin Amirka suke sauka. Ya dawo da wata hula mai baki da aljihu cike da cingam, bakinsa bai san wata hira ba sai tasu. Ya zauna a tsakar gidanmu yana raba wa yara, yana cewa, "Yaya, ba ki san su ba ne. Waɗannan ba irin na Ingila ba ne. Za su dafa kafaɗarka, su miƙo maka taba, ku ci abinci wuri ɗaya. Ba su da girman kai ko kaɗan."

Inna tana kaɗa nono ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sun tambaye ka sunanka?"

"Tun ranar farko."

"Sun tambaye ka 'ya'yanka nawa?"

"Sun tambaya mana."

"Ka faɗa musu?"

"Na faɗa."

"To tashi ka je gida ka duba ko sun cika."

Kawu ya yi dariya, ya ce ai wannan tsohon zance ne, ya kamata a ce ta manta. Nan Inna ta ajiye maburgi. Ta karɓe cingam ɗin daga hannun yara ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a murhu, ta ce masa ya fita. Damina biyu ba ta yi masa magana ba, ko a suna ko a makoki. Abin da ya shirya su shi ne haihuwar matarsa, wadda ta zo da gardama. Ba wanda ya aika wa Inna. Ta ji labari a kasuwar Shuwarin, ta bar ƙwaryarta wurin maƙwabciya, ta wuce gidan, ta yi kwana arba'in tana dafa ruwan wanka tana dama kunun kanwa. Ranar da za ta dawo Kawu ya durƙusa zai ba ta haƙuri, ta ce masa ya tashi, ƙasa da sanyi. Hular nan dai ba a sake ganin ta a kansa ba.

Haka take. Bakinta da zafi, hannunta a buɗe, musamman ga 'ya'ya mata. Yarinya ba ta wucewa ta gaban ƙwaryarta ba ta sha ludayi ɗaya ba. Idan dabino ya nuna takan ware na farko ta raba wa 'yan matan unguwa, mu maza mu jira. Ina yaro ina jin haushin wannan, ina ganin wariya ce. Sai da na kai shekara ashirin Gwaggo ta zaunar da ni ta gaya mini dalili, domin Inna da bakinta ba ta taɓa ba ni labarin ba. Ashe ina da yaya mace, kuma tana raye.

Abin ya faru ne tun muna rugarmu ta wajen Buji, Turawa ba su daɗe da kafa mulki ba, ni kuwa ina ciki. Inna ba ta wuce shekara ashirin ba, tana da 'yar fari, Adda, mai shekara huɗu. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wurinmu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna nata ne, balle a gaban surukai. Tun da aka yaye Adda tana hannun kakarmu ta wajen uba, sai kakar ta rasu da rani, yarinya ta dawo ɗakin Inna da gyambo a ƙauri wanda ya ƙi jin kowane magani. An yi sassaƙe, an yi rubutu, ƙafa sai ƙara ruɓewa take.

Sai aka ji wata likita Ba'amirkiya ta sauka a barikin Dutse da mijinta, Di'o, Baturen mulki, ya ba su izinin duba marasa lafiya na 'yan kwanaki. Inna ta goya Adda a kan tsohon ciki, ta ɗora ƙwarya a ka don a ce talla za ta, ta tako tun daga ruga. Gwaggo ta bi ta. Baffa, yayan mahaifinmu, shi ma ya zo, domin shi ne babba a gida. Aka yi layi a gindin tsamiya, ga mutanen dagaci a tsaye, ga Baffa a gefe.

Gwaggo ta ce matar doguwa ce, ja, muryarta kamar tana kiran shanu daga nesa, kuma dariya ba ta barin fuskarta. Tafintanta mutumin kudu ne, yana jin Hausa amma bai san mu ba. Da layi ya zo kansu, likitar ta duba ƙafar, ta girgiza kai, ta dubi Inna cikin ido ta tambaya, tafinta ya juya: "Ke ce uwarta?"

A gaban yayan mijinta. A gaban maza. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "A'a."

Duk wanda ke wurin ya san ita ce, kuma duk wanda ke wurin ya ji daɗin amsar. Baffa ma har ya gyaɗa kai, an samu suruka mai kunya. Likitar ta ce to mene ne sunan yarinyar. Inna ta kawar da kai, Gwaggo ce ta faɗa. Aka fara wanke gyambon, Adda ta tsala ihu tana miƙa hannu, Inna ta juya baya tana kallon duwatsu. Gwaggo ta ce ita da ke kusa ta ga yadda ta cije leɓe har ya fashe, amma likitar bayanta kawai ta gani. Ta tambayi wa ke riƙon yarinyar, aka ce wadda ke riƙon ta rasu. Sai ta rubuta abin da ta rubuta, ta share hawaye, ta rungume Adda.

Ta ce ƙafar tana buƙatar jinya mai tsawo, idan aka bar ta za a rasa ta, a ba ta yarinyar ta tafi da ita asibitinsu na mishan can kudu, bayan Bauchi. Baffa ya tambaya har yaushe, aka ce sai ta warke. Ya yarda. Ba wanda ya tambayi Inna, tun da ta ce ba ita ba ce. Da motar za ta tashi ba ta matsa kusa ba, ta tsaya a inda take da ƙwarya a ka, har ƙarar ta ɓace.

Bayan kaka Baba, mahaifinmu, ya bi sawu. Ya same su, suka karɓe shi hannu biyu, suka ba shi shayi. Ƙafa ta warke, wannan kam ba zan hana su ba, sun iya aikinsu. Da ya ce ya zo tafiya da ita, mijin likitar ya tambaye shi ko shi ne uban. Baba ya sunkuyar da kai ya ce yarinyar gidansu ce. Suka ɗauko takarda suka nuna masa, wai a rubuce take marainiya, matar da ta kawo ta ta faɗa da bakinta ba ita ta haife ta ba, ko kallon ta ba ta yi. Ba za su mai da yarinya inda ba a son ta ba. Idan tana da uwa, uwar ta zo ta faɗa.

Kafin Inna ta yaye ni ciwon shanu ya shigo, ya share garken, baƙin ciki ya kwantar da Baba bai tashi ba. Muka baro ruga muka dawo Dutse. Shekara uku cif suka wuce kafin Inna ta samu hanya. Ta bar ni wurin wata maƙwabciya, ita da Gwaggo suka bi ayarin fatake, kwana goma sha biyu a ƙasa.

Likitar ta gane ta. Ta taso da gudu ta rungume ta kamar tsohuwar ƙawa. Inna ta tsaya ƙiƙam har ta sake ta. Sannan a gaban tafinta, a gaban ma'aikata, a gaban Gwaggo ƙanwar mijinta, ta buɗe baki ta faɗi abin da ba macen kirki a danginmu da ta taɓa faɗa. Ta ce, "Ni na haife ta. Tawa ce. Na zo in tafi da ita." Gwaggo ta ce da ta gama faɗa, sai ka ce an tuɓe ta a kasuwa.

Likitar ta ce madalla, amma a ƙasarsu ba a yi wa yaro dole, shi ake tambaya. Aka kira Adda. Ta fito da 'yar riga fara da takalmi, shekararta bakwai. Likitar ta durƙusa ta ce mata, "Wannan matar ta ce ita ce mamarki. Kina so ki bi ta?"

Adda ta kalli Inna ido cikin ido ta ce, "Ai ta ce ba ita ba ce. Na ji."

Ku duba wannan aiki. A ɗauki 'yar shekara bakwai, a ciyar da ita shekara uku, a gaya mata kullum an tsince ta ne ba mai so, sannan a tsayar da ita a ce ta zaɓa. Wannan su a wurinsu adalci ne. Gwaggo ta yi ta bayani, ta ce al'ada ce, kunya ce, kowace uwa haka take yi. Likitar ta saurara tana gyaɗa kai cikin tausayi, ta ce uwa uwa ce ko'ina a duniya, wadda ke son ɗanta ba ta juya masa baya yana kuka. Ta shekara da shekaru a ƙasarmu, ta koyi sunan kowace cuta da ke jikinmu, amma ba ta taɓa zaton akwai wani abu game da mu da ba ta riga ta sani ba. Suka kai kuka wurin Baturen gwamnati na can, ya ce ba ruwansa da sha'anin mishan. Da za su taho likitar ta cika musu jaka da gwangwanaye. Inna ta ajiye jakar a bakin ƙofa ta wuce.

Da Gwaggo ta gama ba ni wannan labari na kwana biyu ban iya kallon Inna ba. Haushin Amirkawa nake ji, kuma, Allah ya yafe mini, har da haushinta. Kalma ɗaya ce fa. Amma na girma na auri 'yar dangi, na ga matata ta haifi ɗan fari ta kawar da kai, na ji daɗi a raina kamar yadda Baffa ya ji. Daga nan na daina ganin laifin Inna.

Aikin allurar shanu ya taɓa kai ni kudu, na nemi asibitin na same shi. Amirkawan farko sun koma ƙasarsu, wasu sun maye gurbinsu. Adda ta zama babbar nas, ta yi aure a cikin mutanen mishan, ta bi addininsu. Kamarta ɗaya da Inna har tsayin wuya. Na gaya mata ko ni wane ne, ta miƙo mini hannu kamar namiji, ta kira ni da sunana. Na zauna na kwashe komai na faɗa mata, tafiyar da aka yi da ita a goye, leɓen da ya fashe, kwana goma sha biyu a ƙasa. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Na gode da ka zo. Amma ni abin da aka koya mini, wanda ke son ka yana faɗa." Raina ya ɓaci, na ce mata an wanke mata kai, ta zama baiwar masu jajayen kunnuwa. Na fita ban yi sallama ba. Wannan kuskurena ne, ba na kowa ba.

Da na dawo na ce wa Inna na ga waccan ta kudu, tana lafiya. Ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba. Can ta ce, "Tana ɗingishi?" Na ce a'a. Ta ce, "To." Ba ta ƙara tambayar komai ba, amma ranar ba ta ci tuwo ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita bana, wata safiya ta kira ni ta ce, "Ka rubuta wa waccan."

Na ce, "Me zan ce mata, Inna?"

"Ka ce jiki ya yi nauyi."

"Shi ke nan?"

"Za ta gane."

Na san ba za ta gane ba. Na riƙe alƙalami ina so in ƙara cewa uwarki tana son ki, tana son ganin ki kafin ta mutu. Wallahi hannuna ya ƙi. Na ji kamar zan tona wa Inna asiri a takardar da baƙi za su iya karantawa. Na rubuta abin da ta ce kawai, na kai gidan waya. Ta sa aka juya mata shimfiɗa tana fuskantar ƙofa. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta ce a leƙa a ga ko baƙi ne. Kwana goma sha tara tana haka.

Adda ta iso ranar sadakar bakwai, da la'asar, mutane sun fara watsewa. Ta sauko daga babbar mota da doguwar riga irin tasu da ɗan kallabi, wata budurwa tana biye da ita. Ta tsaya a gabana ta ce, "Na zo yi maka gaisuwar mahaifiyarka." Na ce ta shigo ciki. Mata suka yi cirko-cirko, domin duk wadda ta kalle ta Inna ta gani. Gwaggo ta kama hannunta tana kuka, ta zaunar da ita a ƙofar ɗakin. Budurwar, 'yarta ta fari, ta tafi wajen randa neman ruwa.

Adda ta daɗe tana kallon shimfiɗar da ba a naɗe ba. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Abu ɗaya na zo tambaya, kuma ka gaya mini gaskiya. Duk shekarun nan, ta taɓa kiran sunana? Ko sau ɗaya?"

Da na yi mata ƙarya, da ta tafi da sanyi a zuciya. Amma a ƙofar ɗakin Inna nake, kuma a wurina amsar abin alfahari ce. Na ce, "Ko sau ɗaya. Har ta koma ga Allah bai fito daga bakinta ba." Gwaggo ta gyaɗa kai ta ce, "Ko a mafarki."

Adda ta ce, "Na gode." Ta miƙe tana gyara kallabi. Ta waiga ba ta ga 'yarta ba, sai ta ɗaga murya ta kira ta su tafi.

Sunan Inna ta kira. Sunan yanka, gatsau, ba sakayawa, a tsakar gida, sunan da ko Baba bai taɓa furtawa ba, kwana bakwai da binne mai shi. Ta kira sau biyu. Mata suka ɗauki salati. Gwaggo ta saki hannunta kamar ta taɓa wuta, ta ɗaga sanda ta ce, "Fita! Fita, marar kunya! Abin da suka koya miki ke nan? Ki zo har ɗakinta ki ci mutuncinta?" Adda ta tsaya tana duban mu ɗaya bayan ɗaya, ba ta san abin da ta yi ba. Ba wanda ya yi mata bayani, har da ni. Ta kama hannun yarinyar suka fita.

Sai da motar ta tashi hankalina ya dawo jikina. Ba wanda ya taɓa gaya wa Adda sunan nan. Tana 'yar shekara huɗu ta ji ana kiran sa a ruga, ta riƙe shi, ta kai shi kudu, ta ajiye har ta haihu ta sa wa 'yarta ta fari. Shekara goma sha biyar ke nan tana kiran sa safe da yamma, da ƙarfi, yadda aka koya mata ana yi wa wanda ake so. Inna ta mutu ba ta sani ba, mu kuma da muka ji muka kore ta da sanda.

Na rubuta mata wasiƙa biyu tun daga ranar, wannan karon na faɗi komai ban rage ba. Har yau ba amsa.

Liman ya ce in yafe wa kowa don Inna ta samu sauƙin kwanciya. Na yafe wa wanzami, na yafe wa Gwaggo, ina roƙon Adda ta yafe mini. Likitar nan da mijinta kuwa, na ji an ce sun tsufa a ƙasarsu cikin girma, ana yaba musu yawan marayun da suka ceta. Su ban yafe musu ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya sa ta huta da jiran mota.